Hajiyar maigida za ta sauka a wajena, yaya zan gyara mata ɗaki?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure min. Hajiyar su Abban Hanif ce za ta zo daga Gumel ranar Lahadi, Litinin za ta ga likita a Asibitin Malam Aminu Kano saboda yanar ido da ta matsa mata, kuma an ce in aka sa mata ranar aiki za ta iya kai sati biyu a wajenmu. Tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa kwana ba sai dai ta wuni ta juya. Gidan haya ne ciki biyu da falo, ɗaya ɗakin kuwa ya zama sito, akwatunan lefe ne a ciki da keken yara da buhun masara da wata katifa da na jingine a bango tun damina. Ta ina zan fara? Kuma gaskiya ba wani kuɗi ne a hannunmu ba, na asibitin ma haɗawa ake ta yi.

Ummu Sudais: Wa alaikumussalam. Haba Maman Hanif kwantar da hankalinki mana, shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma. Ki share ki goge ki turare ɗakin, ki tarbe ta da fara'a shikenan. Tsofaffin nan ba ruwansu da ƙyale-ƙyale. Allah ya ba ta lafiya.

Anti Rabi Zariya: Amin. Ummu Sudais maganarki gaskiya ce amma ba ta ƙare a nan ba, fara'a ba ta hana sauro cizo kuma ba ta ɗumama ruwan alwala. Maman Hanif ƙanwata saurare ni da kyau, abu ɗaya nake so ki riƙe, matar nan ba za ta taɓa buɗe baki ta tambaye ki komai ba. Ke matar ɗanta ce, in ma ɗan fari ne to abin ya ninka, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Za ta kwana da ƙishirwa, za ta kwana tana rawar ɗari, fitsari zai matse ta ta danne har asuba don kar ta buɗe ƙofa ta tashe ku, da safe ki ce Hajiya an tashi lafiya ta ce lafiya lau alhamdulillah. To aikinki shi ne ki zauna ki lissafa duk abin da mutum ke buƙata daga sallar isha'i zuwa hantsi, ki ajiye mata a inda hannunta zai kai ba sai ta nema ba. Wannan ba kuɗi yake ci ba, lura yake ci.

Maman Hanif: Anti Rabi wallahi kamar kin san ta. Shi ne ɗanta na fari, Hanif ma sunan mijinta ne aka sa masa shi ya sa take ce masa maigida. Ko ruwa na kai mata sai ta ce bar shi yanzu na sha.

Anti Rabi Zariya: To kin gani. Gobe da sassafe ki fara da fitar da buhun masarar nan, shi ke jawo ɓera da ƙwari, ya koma kicin a ɗora shi kan katako. Akwatunan ki jera su a kusurwa ɗaya ki rufe da zani mai kyau, ba sai sun fita ba. Keken yara ya fita. Mai ciwon ido hanya take so fili daga shimfiɗa zuwa ƙofa, ba abin da za ta yi tuntuɓe da shi, kuma in kin ajiye abu a waje ɗaya to ya zauna a nan har ta tafi, kar yau buta tana dama gobe tana hagu, da laluben hannu take gane wurin kayanta.

Maman Hassana da Usaina: Ni katifar ce ta tsaya min a rai, tun damina a jingine a ɗaki rufe? Ki fito da ita rana gobe ta wuni, ki juya ta da azahar, ki samu sanda ki bubbuge ta sosai. Sannan ki bi ɗinkin gefe-gefen nan da fitilar waya ki buɗa shi da yatsa, in kin ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an yayyafa tawada to kuɗin cizo ne, a nan suke ɓuya da rana. In babu alhamdulillah. In kuma tana warin raɓa har bayan ta sha rana gara ki ari wata wajen maƙociya, ba abin kunya ba ne. Zanin gado da rigar filo ki wanke ko da wankakku ne, kayan da suka daɗe a akwati suna da wani wari da mu masu gidan ba ma ji amma baƙo yana shiga zai ji.

'Yar Fagge: Ki sayi fiya-fiya na ɗari biyu ki yayyafa a lungu-lungu ki rufe ɗakin, ba kuɗin cizo ba ko kyankyaso ba zai kwana ba.

Sista Hauwa: A'a dan Allah 'Yar Fagge kar a yi haka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, yana shiga ta numfashi yana shiga ta fata, kuma yana kama katifa da labule ya daɗe. Tsohuwa mai ciwon ido ga yara ƙanana a gida, wallahi bai dace ba. In akwai kuɗin cizo ruwan zafi mai tafasa za a wanke kayan shimfiɗa da shi, katifar kuma a canja. Na sauro kuma gidan sauro ya fi komai, kar ki ce ai hunturu ne babu sauro, Kano da kwatocin nan sauro ba ya ƙarewa sai dai ya ragu. In sabo ne mai magani irin wanda ake ba mu a wajen awo ki warware shi ki rataye a inuwa ya kwana ya wuni kafin a shiga, in ba haka ba yana sa zafin fuska da ƙaiƙayi, kuma kar ki shanya shi a rana maganin yake kashewa. Igiyar leko ma ki bar ta, hayaƙinta ba na mai ciwon ido ba ne.

'Yar Fagge: To Sista na ji, mu dai haka muka taso muka ga ana yi. Allah ya kiyaye.

Maman Hanif: Ina da gidan sauro sabo ko buɗe shi ban yi ba. Yanzu gado fa? Babu gado a ɗakin, katifar ce kawai za a sa a ƙasa. Abban Hanif yana cewa ko ya karɓo gado bashi wajen kafinta.

Ummu Sudais: Bashi kuma ana neman kuɗin aiki? Ai yawancin iyayenmu sun fi son ƙasa, Innarmu in ta zo ko an ba ta gado sai ta sauko da filo ta kwanta a kan kafet.

Hajiya Mairo: Ya danganta da gwiwa 'yata. Ni da nake muku magana na haura sittin, in na kwanta a katifar ƙasa tashi sai na yi rarrafe na dafa bango, kuma da dare in mutum zai fita bayi sau biyu sau uku wannan tashin azaba ne. Gado mai tsawo sosai irin na amaren yanzu shi ma wahala ne, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Abin da ya fi shi ne wanda in ka zauna a bakinsa tafin ƙafarka yana ƙasa daram. Ki tambayi wadda take zaune da ita a Gumel a kan me take kwana a ɗakinta, kuma a tsaye take sallah ko a zaune, amsar nan za ta gaya miki komai. In a zaune take yi to ki sa mata kujerar roba mai hannu a ɗakin. In katifar siririya ce ki ɗora biyu, ba sai an ci bashi ba.

Maman Hanif: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Zan kira ƙanwarsa da safe.

Amaryar Bichi: Ni fa a ganina ki bar mata ɗakinki kawai tunda shi ne mai bayi a ciki da gado da komai, ku ku koma ɗayan. Uwa ce fa.

Anti Rabi Zariya: Amarya niyyarki mai kyau ce amma ba za ta yarda ba, kuma in kun matsa mata kun takura ta ne. Wace uwa ce a ƙasar Hausa za ta hau gadon ɗanta da matarsa? Za ta ce to don kar ta watsa muku ƙasa a ido, sannan ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa ta kwana a takure. Ɗakin da ba na kowa ba shi ne za ta sake a ciki ta miƙe ƙafa ta ja carbinta.

Amaryar Bichi: Amma Anti bayin fa? Ta fito tsakar dare ta ratsa falo ga ido ba ya gani sosai.

Anti Rabi Zariya: Yawwa nan ne aikin yake. Maman Hanif bayin waje na zama ne ko na tsuguno, kuma tayil ne a ƙasan?

Maman Hanif: Na zama ne Anti, tayil ne kuma yana da santsi in ya jiƙe, ni kaina ina taka-tsantsan.

Anti Rabi Zariya: To ki sayi silifas na roba mai kaushin ƙasa ki ajiye a bakin ƙofar bayin nata ita kaɗai, ki shimfiɗa tsohon tawul ko buhu a inda ake fitowa, kuma duk wanda ya yi wanka ya tsane ruwan kafin ya fito, faɗuwar tsoho a bayi ba ƙaramin abu ba ne, ƙugu ne ke karyewa. Ranar da ta iso ki kai ta da kanki ki nuna mata, ga inda ake danna ruwa, in babu ruwan famfo ga bokiti a cike ga kofi, ki yi kamar hira kike kar ta ji kamar kina koya mata. Ki sa mata 'yar kujerar tsuguno ta zama wanka, soso sabo da sabulu sabo a kwandonta daban. Sannan ki samu ƙaramin bokiti mai murfi ki ajiye a bayan ƙofar ɗakinta da buta cike da ruwa a gefe, kar ki ce mata komai a kai, ita ta san amfaninsa, in ta yi amfani da shi da safe ki bar 'yar rakiyarta ta fitar, ke ki kau da kai. Fitila mai caji kuma a kunne ƙasa-ƙasa a hanyar bayin har gari ya waye, kar ki dogara da wutar NEPA, da tocila ƙarama a ƙarƙashin filonta.

Maman Hanif: Kin tuna min ma, da jikarta za ta zo, yarinya 'yar shekara goma sha biyu.

Maman Hassana da Usaina: To a ƙara tabarma da bargo da filo na yarinyar, kuma gidan sauron ya rufe su duka ko a nemo na biyu. Ana yawan mantawa da 'yan rakiya, alhali abin da aka yi wa yarinyar shi tsohuwar za ta fi gani.

Ummu Sudais: Turaren wuta dai kar a manta, ɗaki ba turare ai ba ɗaki ba ne. Ki samu mai kyau na 'yan Maiduguri ki turara labule da zanin gado.

Sista Hauwa: Ki turara ranar Asabar ki buɗe taga hayaƙin ya fita ƙamshin ya zauna, wannan ba laifi. Amma tana ciki kar a kunna, musamman bayan an yi aikin, hayaƙi da ƙura su ne abin da ake hana ido. Ga hunturu kuma, don haka shara ma kar a ɗaga ƙura da tsintsiya tana zaune, a jiƙa tsumma a goge, tagar kuma in tana da kafa a toshe da tsumma ko jarida. Sai babban abin da nake roƙo, kar a shigar mata da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Na san a gida sun saba da jin wuta, amma ɗakin ƙauye iska na shiga ta ko'ina, ɗakin siminti mai silin da taga ta gilashi ba haka yake ba. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, irin ta janareto ce sak, shi ma janareton kar a ajiye shi a ƙarƙashin tagarta. Bargo biyu, safa, rigar sanyi, man shafawa mai kauri saboda faso, sun wadatar.

Hajiya Mairo: Da ruwan zafi da asuba. Wannan in kin yi shi kin gama sace zuciyarta. Ki cika fulas babba tun dare ki ajiye mata kusa da buta ta sirka da kanta, don tsoho yana riga kowa tashi, kafin kiran assalatu ta farka, ba za ta zo ta buga miki ƙofa ba kuma ba za ta kunna miki gas ba. Darduma ki shimfiɗa ta tun kafin ta shigo tana kallon alƙibla don kar ta yi ta tambaya, kun san alƙiblarmu ba gabas sak ba ce tana ɗan karkata arewa, baƙo a sabon ɗaki sai ya rikice. Ki buga ƙusa biyu a bango ko ki ɗaura igiya ta rataye hijabi da mayafi.

Malama Ummu Abdallah: Masha Allah, Allah ya saka muku da alheri, tun ɗazu nake bin zancen. Maman Hanif ki gyara niyya ki san ibada kike yi. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar ƙarshe to ya girmama baƙonsa, Bukhari da Muslim ne suka ruwaito, shi ne hadisi na 15 a Arba'una da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. A Sahihu Muslim ma akwai hadisin Jabir da aka ambaci shimfiɗa ta miji, da ta matarsa, ta uku ta baƙo, kun ga tanadin wurin kwanan baƙo abu ne da addini ya san da shi. Abin da Anti Rabi ta faɗa kuma ku duba ƙissar Annabi Ibrahim (AS) a Suratuz Zariyat, da baƙi suka zo masa bai tsaya tambayarsu ko za ku ci abinci ba, sai ya zame ya shiga wajen iyalinsa ya kawo ɗan maraƙi mai ƙiba ya matsar da shi gabansu. Duk wanda ka tambaya za ka ci, in mai kunya ne cewa zai yi a ƙoshe nake. Liyafar baƙo kwana uku ce abin da ya ƙaru sadaka ne, amma ita wannan mahaifiyar mijinki ce, ba lissafin kwana tsakaninku, kina taya shi biyayya ne.

Maman Hanif: Jazakillahu khairan Malama. To abin ci da dare fa, me zan ajiye a ɗakin?

Anti Rabi Zariya: Ruwan sha a jug mai murfi da kofi, ba mai sanyin firji ba. 'Yar fura ko dabino a kwano rufe, goro in tana ci. Amma ki fara tambaya ko tana da ciwon suga ko hawan jini kafin ki cika mata gaba da kayan zaƙi da gishiri, kuma daren Lahadin ki sa Abban Hanif ya tabbatar ko an ce ta zo ba ta karya ba saboda gwajin jini. Maganinta a ajiye waje ɗaya inda Hanif ba zai kai ba. Tuwo ki yi mata mai laushi miyar kuka ko kuɓewa, kar ki ce za ki burge ta da taliya da su kwaɗon kabeji, abin da cikinta ya saba shi za ki ba ta.

'Yar Fagge: Rediyo! Ku sa mata rediyo dan Allah. Kakata in ba ta ji BBC da asuba ba da Freedom da daddare to ranar ba ta cika ba, kuma mai ciwon ido ba kallon talabijin za ta yi ba. Ƙaramar mai caji ta isa. Da caja a soket ɗin da ke kusa da shimfiɗa, wayarsu ƙarama ce mai siririn baki, ba lallai taku ta shiga ba, a ce su taho da tasu.

Hajiya Mairo: Wannan gaskiya ne 'yar nan. Kuma kar a gyara ɗaki a zuba ta ciki a ja ƙofa kamar an ajiye kaya. Ki riƙa shiga kina zama kuna hira ko ta minti goma ce, ki kawo mata zogale ta taya ki tsinka in idon ya bari, tsoho in ba ya taɓa komai gani yake ya zama nauyi. Shi ma ɗan nata ki tura shi ya shiga bayan isha'i su gana su biyu, ke ki ba su wuri.

Sista Hauwa: Hanif kuma na san zai ce wajen kaka zai kwana, kafin aiki ba komai, bayan aiki a'a, yaro cikin barci zai iya kai mata hannu a ido. Maganar sujada da wanke fuska wajen alwala kuma ku tambayi likitan da bakinku kafin ku baro asibiti.

Maman Ihsan: Ku yi haƙuri na shigo da tawa a tsakiya, ni kuma abokin maigida ne zai zo daga Jos ya kwana biyu, mu ɗaki ɗaya ne da falo, bayi kuma ɗaya. Yaya ake yi da baƙo namiji a irin wannan gidan?

Inna Kulu Sakkwato: Ɗiyata wanga shi ne abin da ginin zamani ya ɓata muna. Gidajen da munka tashi ciki baƙo namiji ba ya wuce zaure da ƙofar gida, nan anka yi mishi ɗaki da makewayi nashi, abinci yara ka kai mishi, shi bai takura ba matan gida ba su takura ba. Yanzu an gina falo a tsakiyar gida kowa sai ya ratsa ta cikinai. In akwai ɗakin samari a gidan ko wani maƙwabci gwauro da maigidanki ya yarda da shi, a roƙa a gyara can a kai shimfiɗa mai tsabta da gidan sauro da buta, abinci ya fito daga wurinki, wannan ba wulaƙanci ba ne, shi kanshi baƙon ya fi sakewa. In babu sai falon, to maigidan ya fito su kwana tare, ke da yara ku shige ciki, a sa labule mai kauri a ƙofa, kuma shi maigidan ya riƙa yi mishi iso in zai shiga bayi. Da asuba su tafi masallaci tare, kafin su dawo kin gama naki wankan kin naɗe shimfiɗar kin aje musu kunu.

Maman Ihsan: Akwai ɗakin ƙanin mai gidan hayarmu a waje ta bakin get, ya tafi makaranta Zariya ɗakin a rufe yake. Bari Baban Ihsan ya dawo ya yi wa mai gidan magana ko zai ba mu makullin.

Inna Kulu Sakkwato: To madalla, ku karɓe shi tun kwana biyu kafin zuwan baƙon a buɗe ya sha iska, kuma ki aika yaro ya duba ko sakatar ƙofar tana aiki ta ciki.